Rabin Zaren Marusa

Dubrovnik, Afrilu 1667

Yaya Pave,

Gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya tsare ku. Ina raye. Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba: jaririya ce a hannuna.

Marusa ce ta haife ta, mai girkin gidan da nake aiki, da safiyar Larabar da ƙasa ta girgiza. Ba ta da miji. Ta raba jan zare biyu, ta ɗaura wa yarinyar rabi a hannu, ta riƙe rabi, ta ce in kai ta akwatin nan mai juyawa na bangon gidan marayu. Kin san yadda ake yi, a sa, a juya, a kaɗa ƙararrawa, ba mai ganin fuskar wani. Ta ce wata rana za ta je da nata rabin ta karɓo 'yarta.

Ina kan hanya gari ya zube. Gidanmu ya danne kowa, shugaban gari ma ya mutu, sannan wuta ta biyo baya. Da ba a aike ni ba, da ina ciki. Yanzu a bakin teku muke. Ina ba ta nonon akuya da tsumma, amma ba ya zama a cikinta. Yaya zan yi?

Ƙanwarki,
Stane

Gruda, ƙarshen Afrilu

Stane,

Mun gode Allah da Ya bar mana ke. Fada na cocinmu ne ya karanta mini, shi ke rubuta wannan, don haka sirrinki ya zama na mutum uku. Ke da ko mai kifi ba kya iya kallo ido da ido, ke ce da rungumar 'yar mutane?

Mu ma bango ya faɗi. Ɗana Niko ya tafi a cikin shimfiɗarsa, ko haƙori bai fitar ba. Nonona bai ƙafe ba, kullum sai na ɗaure ƙirji da zane.

Vlaho ya ce in kika shigo ƙauye da jaririya, ba wanda zai yarda ba taki ba ce, kuma kin rasa mijin aure ke nan. Mijina ne, amma gaskiya ya faɗa. An ce an gyara akwatin. Cika wa Marusa aikenta, ki dawo gida ke kaɗai.

Ki huta lafiya.
Yayarki,
Pave

Dubrovnik, Mayu

Yaya Pave,

Ina gaishe ki, ina yi miki ta'aziyyar Niko. Allah Ya ba ki haƙuri.

Jiya aka tono Marusa. Da zaren da ke dunƙule a hannunta na gane ta. Mai haƙan ya tambaya ko 'yar'uwata ce, na ce i, ya bari na ɗauka.

Na je wurin akwatin, na daɗe a tsaye. Duk wanda aka sa a ciki, mai rabin zare yake jira. Yarinyar nan kuwa babu mai zuwa. Sai na kwance zaren hannunta, na haɗa da na uwar, na sa su a ciki, na juya, na kaɗa ƙararrawa.

Ranar Asabar za mu biyo ayarin masu gishiri. Ki gaida Vlaho. Ki daina ɗaure ƙirjinki.

Ƙanwarki,
Stane