Fure na Bakwai

Zahari, sanyin idona, ranar farko bayan narkewar ƙanƙara, inuwar da nake nema ko a cikin ɗaki,

Ka san ni ba mai zuba zuma a takarda ba ce. Shekara biyar na yi ina karatun shari'a, inda aka koya mini neman hujja kafin in yarda da kowa, har da zuciyata. Ga ni yau ina kiran ka rana da inuwa a layi ɗaya, kuma ko kunya ban ji ba.

Mako uku ke nan ina yawo kamar mai mafarki ido biyu. In na tsaya a kan gadar kogin Maritsa, ruwan da muryarka yake wucewa. In hazo ya sauko kan tuddan Plovdiv, sai in ga kafaɗunka a ciki. Kuma kullum mafarkin wuri ɗaya yake mai da ni: matakalar gidanmu, ranar da aka sallamo Mama daga asibiti, kana hawowa rungume da jajayen furanni kamar mai ɗauke da jariri.

Ka miƙa mata, ta ƙirga, don babu uwar da ba ta ƙirgawa. Shida. Biyu-biyu, irin adadin da a al'adarmu sai kabari ake kai wa.

"Yaro, tun ban mutu ba har ka zo ta'aziyya?" in ji ta. Kaka Tsveta ta yi alamar gicciye. Kai kuwa kana ta rantsuwa bakwai ka saya. "To na bakwan fiffike ya yi?" Mama ta ce, ta nuna maka ƙofa.

Bai yi fiffike ba, masoyina. A kan matakala ta huɗu ya faɗi. Ina tsaye daga sama na ga saukarsa, a hankali, kamar shi ma ba ya so. Kalma biyu sun isa su wanke ka. Na yi shiru. Kwana ɗaya kafin nan ka ce in aure ka in bi ka Burgas, can bakin teku, tsoro ya cika ni, sai ga hanyar gudu ta buɗe ba da hannuna ba. Wace lauya ce za ta ƙi irin wannan?

Na je wurin Fada Serafim, limamin cocinmu, na jera masa hujjoji kamar a kotu. Ya bar ni na gama.

"'Yata, a lokacin kin sani?"

Na ce na sani.

"To me kika zo tambaya ta?"

Digirina duka ya ƙare a nan. Naka kuskure ne, hannu ya saki zuciya ba ta da labari. Nawa zunubi ne, don idona biyu, kuma har daɗin kuɓuta na ji. Yaya zan kalli teku alhali na hana kaina ganin sa tare da kai? Wa zan yi wa ba'a ya yi dariya kafin in ƙarasa?

Na faɗa wa Mama komai. Ta ce, "Shashasha mai ilimi. Ki ce masa ya zo, zan gasa masa banitsa mai cuku." Furanninka shida kuwa Kaka ta kai wa mijinta a maƙabarta, wai kada a yi asara.

Jibi Lahadin Yafiya ce, kowa zai sumbaci hannun babbansa ya nemi gafara kafin azumi. Na san jirginka zuwa Burgas na Litinin ne. Ka zo, ruwan bazarata. Na girme ka da wata huɗu, amma ni zan sunkuya. In ka yafe, jakata a shirye take. In ba ka iya ba, ba zan ɗaukaka ƙara ba, sai dai ba zan daina jira ba.

Ga furen nan cikin takarda, a littafin shari'a na busar da shi. Ka ƙirga da kyau. Ɗaya ne, adadin masu rai.

Taka, har ranar da za a kawo mini biyu-biyu,
Bilyana