Na Rufe Littafi Kafin Baba Ya Nemi Gafara

Mama, ki taimake ni, domin na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana bai ɗauki ɓangare ba.

Shekarata goma sha ɗaya ina magatakardan ikilisiyarmu. Ni mutum ne mai rubuta komai, ko a gida ina da littafin da nake sa abin da ya faru kowace rana. Ƙa'idata a taron dattawa ɗaya ce: da an yi addu'ar buɗewa sai in buɗe littafi, da an ce amin na rufewa sai in rufe.

Bara, iyalai da dama da tashin hankali ya koro daga garuruwansu suka shigo cikinmu. Majami'a ta cika har bakin taga. A wani taro aka kawo maganar ba su kujera ɗaya cikin dattawa. Baba kafinta, wanda da hannunsa ya ƙera bencinan da muke zama a kai, ya fusata, ya ce baƙo raɓa ne, ba a ba shi mabuɗin ɗaki. Na rubuta. Aka yi addu'a, na rufe littafi. Muna mayar da kujeru wurinsu sai Baba ya tsaya a bakin ƙofa, idonsa ya yi ja, ya ce suɓul da baka ya yi, Allah ya gafarta masa, a ba su kujerar. Mu uku muka ji. Ban rubuta ba, don taro ya riga ya tashi.

Ran babban taron ikilisiya na karanta rahoton taron dattawa yadda na saba, kalma bayan kalma. Da na ɗaga kai sai na ga wata gwauruwa cikin baƙin ta tattara 'ya'yanta ta fita. Sauran suka bi ta. A lokacin ya kamata in buɗe baki. Na tsaya ina duban takarda kamar gunki.

Wata bakwai ke nan. A ajin wata makaranta suke sujada yanzu. Matata, wadda ƙanwarta ke aure cikinsu, can take zuwa. Kowace Lahadi a mararraba muke rabuwa, ita dama, ni hagu. Baba ya kwanta ciwo, kuma bai taɓa kare kansa ba. Sauran biyun da suka ji sun ce kada a tono abin da ya wuce. Na ƙirga bencinan da babu kowa a kai, goma sha huɗu. Ko addu'a na yi, ji nake kamar rahoto nake karantawa. Sau biyar ina ɗaukar biro in ƙara maganar Baba, sai in ga kamar zamba ce a taɓa shafin da aka riga aka sa wa hannu. Ko dai tsoro ne nake kira ƙa'ida? Ko in ajiye aikin kawai?

Mai riƙe da biro

Ɗana,

Ba ka yi ƙarya ba. Baba ya faɗi abin da ya faɗa, waɗanda suka fita kuma ba su da laifi, domin wanda ya rasa gida ba ya jure a tuna masa shi baƙo ne. Amma rabin gaskiya ka karanta, kuma shirun wata bakwai ya fi kuskuren ranar nauyi.

Kada ka taɓa tsohon shafi. Buɗe sabo, ka sa kwanan watan yau, ka rubuta abin da ka ji a bakin ƙofa. Ka fara kai wa Baba tun yana iya saurara, ka nemi gafararsa da izininsa. Ka sanar da fasto. Ranar Lahadi, a mararrabar nan, ka bi matarka dama, ka karanta musu da bakinka.

Ba zan yaudare ka ba, mai yiwuwa ba za su dawo ba. Magana zarar bunu ce, kuma bencinan nan suna iya yin shekaru a haka. Amma kada dattijon nan ya bar duniya ana tuna shi da mafi munin furucinsa kaɗai, alhali sauran maganar tana bakinka. Batun ajiye aiki kuwa, ka bari sai ka cika wannan shafin.

Ubangiji ya ba ka ƙarfin hali, ya ba Baba sauƙi.

Mama