Gilashin Gwaggo Herminia

Daga garin Rosario

Lisandro,

Bayan gaisuwa, wadda albarkacin marigayi ubanka kawai ka ci.

Ranar Asabar na hau mota har Buenos Aires don babbar milonga, taron rawar tango. Dattijon nan Don Evaristo ya taso tun daga Córdoba. Shekara da shekaru, duk garin da tango ya haɗa mu a ƙasar nan, rawarsa ta farko tawa ce. Ka san ba a neman mace rawa da baki. Daga teburinsa zai kama idona ya gyaɗa kai, ni ma in gyaɗa. An ce ya yi ta gyaɗawa, ni kuwa ina kallonsa kamar ginshiƙi, har ya ɗauki hularsa ya fice a gaban jama'a. Ni ban ga komai ba sai dishi-dishi!

Kai ka musanya mini gilashi da ka kwana gidana, ɗan nema, kamar yadda ka zuba mini gishiri a shayin mate. Na aika wa masu gidajen rawa daga nan har Paraná kada su ƙara barinka ka shiga. Maido mini abina.

Gwaggonka da ka kunyata,
Herminia

*

Paraná

Gwaggo mai daraja,

Ina gaisuwa da ladabi, daga bakin titi, inda kika sa aka jefo ni jiya da sabon takalmina, yarinyar da nake nema tana kallo. Na gode, Allah ya saka!

Gishiri ni ne. Kwaɗon da ya yi tsalle daga jakar takalminki ma ni ne, kuma ko gobe na sake. Amma gilashi? Naki ne a kan hancinki, Gwaggo. Da na zo, rigar ruwan da ke rataye a ƙofa kika yi wa sannu da zuwa, har da tambayarta ya hanya. Yanar ido ce ta rufe miki gani, kin fi kowa sani. Tsoro kike ji kada maza su ji su daina kallon teburinki, ki zauna ki yi ta gadin jaka. Shi ne kika ga ga mai ƙaurin suna, bari a ɗora masa.

To ba zan ɗauka ba.

Ɗanki, wanda aka zalunta,
Lisandro

*

Paraná

Don Evaristo,

Gaisuwa irin ta ɗa da uba, tare da fatan wuyanka ya warke daga gyaɗa.

Ni ne Lisandro, ɗan ƙanen Herminia. Haba Don! Furfura cike da kai, amma fushin yara? Mace ta bi ka Mendoza, ta bi ka Salta, ko ƙafarka ba ta taɓa takawa ba, rana ɗaya ba ta amsa ba ka kwashi hula? Ba ƙin ka ta yi ba, ba ta gani ne. Daga nesa, da kai da tukunyar fure duk ɗaya ne a wurinta, tukunyar ma ta fi ka haƙuri.

Za ta zo milongar Córdoba ƙarshen wata, don girman kai ba zai bar ta ta fasa ba. In ka sake zama can ƙarshen zaure kana kaɗa kai kamar ƙadangare, daga ranar ta rataye takalmi, kuma alhakin na wuyanka.

In ta ji na faɗa maka, sai gawata.

Ka huta lafiya,
Lisandro

*

Córdoba

Lisandro,

Babu gaisuwa. Ka tona mini asiri, mara mutunci.

Ana sa kiɗa na ji zauren ya yi tsit, takun mutum ɗaya yana ratso fili. Ya tsaya a kaina. Na ce, "Evaristo, kada ka kuskura ka nemi rawa da baki, ni ba baƙuwa ba ce a nan." Durƙusawa ya yi, gwiwarsa har da ƙara, ya kawo fuskarsa dab da tawa, inda zan gani. Ya gyaɗa kai.

Na bar shi a durƙushe ya ɗan ji jiki. Sannan na gyaɗa.

Kada ka ƙara taka gidana. Sai dai Litinin, za ka raka ni wurin likitan ido. Ka zo hannu wofi, zan caje aljihunka.

Herminia