Shayin da Bai Ga Wuta Ba

Litinin, 15 ga Afrilu, 2024

Ina so in tsara al'amarin yadda yake, kada fushi ya sa in yi wa wani ƙari. Shekara talatin da ɗaya ke nan, tun ina shugaban tashar jirgin ƙasa ta Kaura, ake zaman shayi a ƙofar gidana bayan La'asar. Mun fara mu bakwai, yanzu saura huɗu: ni, da Jaji mai kawo mana koren ganye daga Jangeru, da Lado, da Terhemba, mutumin Binuwai da muka yi aikin layin dogo tare, wanda ya ajiye aiki ya ƙi komawa gida. Ni ke dafawa da hannuna, zagaye uku. Ƙa'idar zaman kuwa, ba mai kai kofi baki sai mai gida ya fara kurɓa. Haka na gada wurin mahaifina: ba a ba baƙo abin da ba a sha ba.

Yau likita ya duba takardar gwajina, ya ce kitse ya yi yawa a jinina, abin da suke kira kolestarol, kuma sukari ma ya fara hawa. Ya rubuta ƙwayoyi. Ya hana man shanu, da kitsen tsire, da madarar gwangwani, da sukari. Na ce shayi fa? Ya ce ganyen ba shi da laifi, wataƙila ma ya ɗan taimaka, amma ba ya maye gurbin magani. Abin da nake zubawa ciki shi ne fitinar. Duk wannan bayani bai ɗago ya dube ni ba.

Laraba, 17 ga Afrilu

Ɗiyata Muhsina ta zo daga Shinkafi, inda take aikin jinya. Uwarta Mariya ce ta kira ta, ban yi shakka ba. Kafin in dawo Azahar an kwashe sukarin gidan nan kakaf.

Na dafa nawa babu sukari don in nuna musu ban damu ba. Maɗaci ya fi shi sauƙi. Sai Muhsina ta ce akwai hanya: cokali biyu na ganye cikin kwalbar ruwa mai tsabta, a rufe, a tsoma ta cikin randa tun da safe, a tace da La'asar. Wai ruwan sanyi ba ya jawo ɗacin, don haka ba a bukatar sukari. Shayi a randa, kamar kunun zaki! Na ce mata na ji. Ban ce na yarda ba.

Alhamis, 18 ga Afrilu

Tun da ba zan sha mai sukari ba, ba zan bayar da shi ba. Na fito da kwalbar, na zuba a ƙananan kofunanmu, na fara kurɓa. Babu kumfa, babu tururi, launi kamar ruwan rama.

Lado ya leƙa kurfoti, murhun gawayinmu, ya tambaya ko gawayi ya yanke a Kaura. Jaji ya shanshana nasa ya ajiye. "Masta, wanga ba shayi ba ne, wanka ganyen ya yi ya fita." Suka yi ta dariya har da buga cinya. Terhemba kaɗai ya shanye.

A ƙofar gidana. A kan tabarmata.

Asabar, 20 ga Afrilu

Jaji bai zo ba. Lado ma.

Laraba, 24 ga Afrilu

Kwana biyar. Yau na tabbatar: sun koma ƙofar Lado. Na bi ta layin da gangan bayan sallah, na ji ƙamshin tun daga kwana. Ko kumfa Lado bai iya tayarwa ba, shekara talatin yana kallona bai koya ba.

Ashe ba ni suke zo wa ba, sukarina suke zo wa. Ni da na zauna gefen Jaji kwana uku a asibiti lokacin da babur ya kayar da shi. Ba gori nake yi ba, rubutawa kawai nake yi don ya kasance a rubuce.

Terhemba na zuwa kullum. Mu biyu da kwalba ɗaya, kamar masu jiran jirgin da aka soke.

Juma'a, 26 ga Afrilu

Na bar kwalbar a randa har Magariba saboda mantuwa, ta yi bauri. Awa bakwai ya ishe ta. Ba don abin ya dame ni ba, amma aiki in za a yi shi a yi shi daidai.

Lahadi, 5 ga Mayu

Dole in rubuta wannan.

Yau na yanke shawarar kawo ƙarshen wannan wulakanci. Na sayo sukari da kaina, na hura gawayi, na ɗora buta, na ce in zan mutu in mutu da mutanena. Mariya ta fito zaure, abin da ba ta saba ba. Ta ce ko na dafa ba mai zuwa. Na ce don me? Sai ta faɗa: kafin Muhsina ta koma, ta je ta durƙusa gaban Jaji ta roƙe shi su ɗauke zaman, domin ta san in suna nan, ƙa'idata za ta sa in koma wa sukari. Ba'ar da suka yi mini ranar nan shiri ne, don kada in gane. Terhemba kuwa shi aka ware ya riƙa zama da ni, tun da shi ne mai iya haɗiye na sanyin.

An sa mini mai gadi ke nan. Ni da na shekara ashirin ina tsara wa mutane jadawalin aiki, yau an tsara jadawali a kaina, a bayan idona, da ɗiyar cikina a matsayin shugaba. Butar ta tafasa har ta ƙone ban sauke ba.

Litinin, 6 ga Mayu

Na je ƙofar Lado. Ban zauna ba, ban karɓi tabarma ba. Na gaya musu ni ba yaro ba ne, kuma wanda ya ji tausayinka ya ɓoye maka ya raina ka ne. Na faɗi wasu maganganu kuma da ba zan kwafa nan ba. Lado ya sunkuyar da kai. Jaji ya bari na gama, bai ko motsa ba.

"Masta, mu bakwai ne da. Bara mun kai Nuruddeen, kuma kai ka riƙe kan makara. Ka yi fushi da mu shekara goma, mun yarda. Mu dai ka yi shekara goman."

Na ce rai na hannun Allah. Ya ce haka ne, amma cokalin sukari na hannuna. Na juyo gida.

Alhamis, 9 ga Mayu

Terhemba ya zo, na ce masa an sallame shi daga gadi. Ya ce shi kam ya saba, har Veronica matarsa ta fara jiƙa masa a gida. Ya zauna. Ban kore shi ba.

Muhsina ta kira sau uku. Na ɗauka a na uku, na tambayi lafiyar yara kawai.

Talata, 14 ga Mayu

Na ƙara ganyen na'a-na'a biyar da ɗan yankin citta. Ban ce yana da daɗi ba. Da zafin nan dai yana wucewa a maƙogwaro. Ƙwayoyin ma ina sha. Mariya ta daina ƙirga su a ɓoye, ko kuma ta ƙware.

Asabar, 18 ga Mayu

An yi yayyafi da safe, ƙasa ta yi ƙamshi. Na wanke butar da toka, ƙunar ta fita sai ɗan tabo. Na yi tunani a kan maganar mahaifina. Mai sukarin nan na sha shi shekara talatin da ɗaya. Ba wanda zai ce na ba shi abin da ban sha ba.

Ga abin da na rubuta, Terhemba zai kai ƙofar Lado:

"Daga gobe Lahadi zama zai koma inda aka san shi. Malam Jaji zai riƙe buta da kurfoti, ya dafa wa mai so yadda aka saba. Kada a bar Lado ya taɓa. Mai gida zai fara kurɓa kamar kullum, daga kwalbarsa. Wanda ya ga hannuna ya nufi sukari yana da izinin magana, amma a gabana. Ba a bukatar ban haƙuri daga kowane ɓangare. Ina roƙon kowa ya ba da haɗin kai, ya kuma zo a kan lokaci."

Na jiƙa kwalba biyu don gobe. Ta biyun ba don kowa ba ce. Kada dai a rasa.