Littafin Shafawa na Ɗiyar Fari

Sheme

Yaya Hamida,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kina lafiya. Ya aikin asibiti, ya mutanen Ƙanƙara? Tunda aka katse layin waya sai dai takarda, ga ta nan ta hannun Lawwali direba.

Littafin kwalin da kika aiko wa yarinyar nan ya iso. Har Inna, uwar maigidan, sai da ta shafa gashin tunkiyar da aka manna a ciki, ta ce ya fi na tamu da ɓarayin daji suka kora laushi. Ita kuwa mai abin, tun da ta tashi daga ƙyanda ba a ji dariyarta ba sai ranar. Wauta dai fal cikinta: a juye take riƙe shi, fuskarta na kallon bangon ɗaki, tana ta shafa bayan wani kada mai kaushi da ke ciki.

Ki huta lafiya. Ƙanwarki, Safara'u.

Ƙanƙara

Safara'u,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, amma takardarki ta hana ni cin abinci. Yaro launi yake fara bi da ido kafin ya kai hannu. Na sani ɗiyar fari ce, ko sunanta ba ki iya rubutawa, balle ki tsura mata ido gaban suruka. To ki ajiye kunyar nan gefe. Ki fita da Baraka cikin rana, ki buɗe idanunta ki duba. In kin ga fari-fari a kan baƙin, ku taho gobe, ba jibi ba.

Yayarki, Hamida.

Sheme

Yaya,

Bayan gaisuwa, na duba. Sai da na jira Inna ta tafi barka, na ɗauko ta kamar mai sata. Farin ya rufe na dama, ya fara cin na hagu. Tun ciwon a ɗakin Inna take kwana, ni nawa in miƙa kunu in juya.

Maigidan ya ce ba inda za mu, ranar kasuwa aka tare mota aka shiga daji da mutanen ciki. Inna kuma ta ce kwalli zai cinye farin, ta kuma tambaye ni yaushe na zama marar kunya. Yaya, tsoro nake ji.

Safara'u.

Ƙanƙara

Safara'u,

Salam. Ku daina sa mata kwallin nan! Lawwali zai bi bayan motar jami'an tsaro ranar Talata, ku biyo shi. Ki ce wa mijinki ni na roƙe shi don Allah. Idon hagun nan ake iya cetowa, kuma ba zai jira hanya ta gyaru ba.

Hamida.

Sheme

Yaya,

Assalamu alaikum. Ki yafe mani shirun. Ba a bar mu mun fita ba sai bayan girbi, muka je asibitin Funtuwa. Likita ya haska mata fitila a duka biyun, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ya ce da mun zo ranar Talatar nan, da na hagun ya tsira.

Yanzu a bayana take wuni gaban kowa, ba mai ce mani uffan. Gashin tunkiyar ya ƙare da shafa. In kin samu wani littafin ki aiko mata. Kada ki wahalar da kanki wajen zaɓen mai launi.

Allah ya bar zumunci. Safara'u.