Ki Sauke Bidiyon Gidan Alhaji Ɗanbaba

Nazira,

Na fita kina barci, na ƙwanƙwasa ba ki ji ba. Na tafi Gidan Rumji wurin Alhaji Ɗanbaba, mai benen da muke ginawa.

Ina fitowa masallaci da asuba ya kira ni. Ɗanshi ya nuna mishi bidiyon gidan da kika sa a Tiktok, ga sunanshi, ga unguwar, ga ƙofa a fili. Wasu da bai sani ba suna ta tambaya a ƙasan bidiyon, wai wane gari ne, mai gidan ya tare? Kin san yadda masu satar mutane suka addabi wajen iyaka. Ya ce mini, "Malam Inusa, gini na ba ka, ban ce ka tallata ni ba."

Da kin tashi ki sauke bidiyon, ki rufe Tiktok ɗin gaba ɗaya. Na san can aka fi kallon aikinmu, amma ba mu san su wa ke kallo ba. Mu tsaya a Watsap, inda duk mai gani muna da lambarshi. A Fesbuk ki bar hotunan azuzuwan lakol, wato makarantar boko, na Cadawa kawai, banda gidan kowa.

Kada ki sa abin a ranki, ɗiyata, ni na ce ki sa. Duk wanda ya tambayi inda gidan yake, kada ki amsa mishi. Kina gamawa ki kira ni. Ba na son in shiga gaban Alhaji bidiyon nan yana nan.

Babanki