Ni Na Saki Muciyar

Assalamu alaikum babbar yayata Kak Long Rohana,

Ina fatan takardar nan ta same ku lafiya, ke da mijinki Abang Mat da yara. Allah ya sassauta wa mahaifiyarmu Mak ciwon gwiwarta. Ni ina nan Aberdeen, ina soya wa ma'aikatan jirgi kifi, sanyi ya cinye min ƙashi.

Na ji kwamitin masallacinmu na Kuala Berang zai zauna ran Juma'a ya karɓe muciyar bubur, wato faten Ashura, daga hannun babanmu Ayah, saboda kaskon da ya kama bara. Shekara talatin da ɗaya mahaifinmu ne ke cewa a ƙara itace ko a janye wuta, yanzu ƙauri ɗaya ya shafe duka. Wai har kawu Pak Ngah Derus yana cewa a shagon kofi tsoho ya daina bambanta madarar kwakwa da farar ƙasa. Shi da ko cokali bai taɓa juyawa ba sai a bakinsa.

Kak Long, ba Ayah ba ne. Kin san in tuƙi ya kai awa biyar, shinkafa da wake sun yi kauri, ba a tsayawa ko na numfashi sai wani ya kama. Lokacin na zo gida hutu, ni ke riƙe da muciyar. Mai gidan aikina ya kira ni a waya, na jingine ta na zaga bayan rumfa. Da na dawo ƙasan kaskon ya kama. Ayah ya shinshina, ya dube ni, ya juya ya gaya wa jama'a shi ya makara janye wuta. Na bar shi ya ɗauki laifin, don na gaji da jin cewa Turai ta kashe min hannu. Aka juye a ganyen ayaba, gida ɗari suka ci ƙauri da sunansa.

Ba na cewa kwamiti azzalumai ne. Idon Ayah ya yi rauni, kuma Hafizul surukin Pak Ngah ya iya wuta, na gani. In za a ba shi, Ayah ya miƙa da hannunsa, ba a ƙwace kan laifina ba.

Ki kai wa Tok Imam takardar nan kafin Juma'a, ya karanta a gaban kowa. Kada ki fara nuna wa Ayah, zai jefa ta a murhu.

Ki gaida Mak da gwaggo Mak Su Timah da ƙanwarmu Adik Wani. Pak Ngah ma, na ba shi labarin da zai shekara yana bayarwa a shagon kofi.

Ƙaninki,
Shahrom